Uwargida da Na'ura: In Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Karanta Faifai

  

A wannan watan na yi niyyar mu taɓa maganar yara da wayar hannu, sai ga wasiƙa daga wata 'yar'uwa a Zariya, wadda ta sa dole na jingine waccan maganar. Ma'aikaciya ce a ofishin wata makaranta mai zaman kanta, ita ke riƙe da takardun ɗalibai. Ta ce wata tsohuwar ɗalibarsu ta zo neman sakamakon jarrabawarta ta 2009 domin za ta ci gaba da karatu. Takardun wannan shekarar kuwa gara ta gama da su a sito, abin da ya rage sai faifan CD ɗin da aka zuba su a ciki tun wancan lokacin. Ta saka faifan a kwamfutar ofis, ta ji 'yar ƙara, fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, daga nan shiru. Ta fitar ta goge da gefen mayafinta ta mayar, duk kanwar ja ce. Ga yarinya tana ta sintiri, ga shugaban makaranta yana cewa ita ce ba ta iya ba.

Sai a ƙarshen wasiƙar ta ƙara da abin da ya fi taɓa mini zuciya. Ta ce a gida ma tana da faifan bikinta, kuma nan ne kaɗai muryar mahaifiyarta ta rage, Allah ya jiƙanta, tana yi mata nasiha daren da za a kai ta ɗakinta. Na'urar DVD ta gidansu ta daɗe da mutuwa. Tana so ta kawo shi ofis ta gwada, tana kuma tsoron kada na'urar ofis ta ƙarasa shi.

To 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Na san ba ke kaɗai ba ce, domin da wuya a sami gidan da babu irin waɗannan faifan a ƙasan akwati ko bayan kwanuka: na biki, na suna, na saukar karatu, na tafsiri. Ofisoshinmu kuwa cike suke da su a cikin loka.

Duk wadda ta taɓa ɗinka faifai da kaba, ko ta ga kakarta tana yi, ta riga ta san rabin sirrin wannan abu. Daga cibiya ake farawa, a yi ta zagayawa layi ɗaya har a kai baki. Haka rubutun da ke kan CD yake, layi ne guda ɗaya siriri wanda ido ba ya gani, ya taso daga tsakiya ya yi ta zagaye har gefe. A cikin gidan faifan da ke jikin kwamfuta akwai ɗan ido na gilashi, bai kai ƙwayar wake ba, shi ke harba hasken leza yana bin wannan layin yayin da faifan ke juyawa. In haske ya je ya dawo daidai, kwamfuta ta karanta. In wani abu ya tare shi, ko datti a jikin faifai, ko ƙura a kan idon, ko hasken ne ya tsufa ya yi rauni, sai ki ji ana ta juyi ba a zuwa ko'ina.

Saboda haka masu laifin uku ne: ko faifan, ko gidan faifan, ko ita kwamfutar da manhajojinta. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu yanke hukunci tun ba mu gano wane ne a cikinsu ba. Sai a kira mai gyara ya kwance kwamfuta mai lafiya, alhali tabon man gyaɗa ne a jikin faifai. Ko kuma a yi ta gogar faifai har a kashe shi, alhali idon na'urar ne ya makance. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. Ki nemo wani faifan da kika tabbatar yana yi, ki saka a wannan kwamfutar. Sannan ki ɗauki naki ki kai shi wata kwamfutar, ko ta ofishin da ke maƙwabtaka da ku. In na aron ya yi a taki, naki kuma ya ƙi a ko'ina, laifin faifai ne. In naki ya yi a wani wurin, to ki bar faifai ya huta, matsalar tana teburinki.

Kafin ma wannan, ki ɗan sunkuya ki karanta abin da aka rubuta a bakin tiren da faifai ke hawa. Wasu tsofaffin kwamfutocin ofis CD kawai suke karantawa, ba su san DVD ba. Da ido kamanninsu ɗaya, faɗinsu ɗaya santimita 12, amma ba abu ɗaya ba ne. CD ya fito kasuwa a 1982, aikin kamfanonin Philips da Sony, yana ɗaukar kimanin megabait 700 ko sauti na minti 80. DVD ya biyo baya a 1996, yana ɗaukar gigabait 4.7, wato ya ninka CD fiye da sau shida. Layinsa ya fi siranta, don haka wani irin haske yake buƙata daban. Na'urar DVD tana karanta CD, amma ta CD ba ta karanta DVD ko da za ki kwana kina roƙonta.

Bari in daɗe a kan faifan, domin shi ne ba a sayo wani in ya tafi. Ki riƙe shi ta gefe-gefe, ko ki zura yatsa a ramin tsakiya, ki karkata shi wajen haske ki duba gefen da ke ƙyalli. In tabon yatsa ne ko maiƙo, ki sami ƙyalle mai laushi marar gashi, irin na goge tabarau, ki goge daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. Kada ki goge a zagaye yadda muke wanke faranti. Dalili kuwa, in ƙarzuwa ta ratsa layin rubutu a gicciye, ɗan kaɗan take ɓatawa, na'urar kuma tana da dabarar cike gurbin. In kuwa ta bi layin a zagaye, sai ta shafe dogon zango, ba abin da za a cike da shi. Gefen mayafi da bakin zani da takardar goge hannu duk suna ƙarzar faifai, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke maƙale a jikin komai. In dattin ya kama sosai, ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa sun wadatar. Ki ɗauraye, ki tsane, ki bari ya bushe sarai kafin ki saka. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare, ban da ruwan goge jan farce. Roba ce, narkar da fuskarta suke yi.

Akwai masu cewa a shafa man goge baki a kan ƙarzuwa. Wani lokacin a dace, domin yana ɗan kankare fuskar robar ne. Amma ni ba zan yi wannan caca da faifan da ba ni da na biyunsa ba, ke ma ban ba ki shawara ba.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. A CD, rubutun ba a gefen ƙyallin yake kwance ba, yana can sama daf da gefen da ake rubuta suna, wani siririn fenti ne kawai ya rufe shi. Shi ya sa ƙarzuwar saman CD ta fi ta ƙasa illa, kuma shi ya sa rubutu da biro a kansa ɓarna ce, sai dai alƙalami mai taushin baki. Ki ɗaga shi sama ki leƙa ta wajen fitila. In kin ga haske yana ratsowa ta 'yan ƙananan huji, ko fentin saman yana ɓantarewa, to wannan wurin ya tafi, kuma irin wannan faifan kada ki kai shi kusa da ruwa. DVD ya fi shi sa'a a nan, domin rubutunsa yana tsakiyar roba biyu da aka manne.

Sannan faifan da kamfani ya buga daban, wanda aka ɗauka a shago ko a ofis daban. Na kamfani tambari aka danna masa a jiki, yana da ƙarko. Na ɗauka kuwa, irin CD-R da DVD-R, wani rini ne a ciki wanda leza ke ƙonawa ta yi rubutu, kuma rini, kamar na atamfa, rana da zafi da laima suna kashe shi sannu a hankali. Duk faifan biki da na takardun ofis irin wannan ne. Wanda aka ɗauka a 2009 aka jefa a lokar da ke jikin taga, ba abin mamaki ba ne a ce yau ya dushe. Amma dushewa ba mutuwa ba ce. Sau da yawa faifan da wannan na'ura ta kasa, wata mai ƙarfin ido za ta karanta shi. Ki gwada wuri uku ko huɗu kafin ki fid da rai.

In kuwa kin ga tsaga, ko da 'yar ƙarama ce a bakin ramin tsakiya, kada ki saka shi a kwamfutar tebur. Wasu daga cikinsu suna juya faifai kusan sau dubu goma a minti ɗaya, faifai mai tsaga yana iya tarwatsewa a ciki, a yi biyu babu. Haka wanda aka manna wa takarda a gefe ɗaya, nauyinsa ya karkace, shi ne za ki ji kwamfuta tana ruri kamar injin markaɗe.

Sai mu zo ga gidan faifan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tire ya ƙi fitowa da faifanki a ciki, ko dai an ɗauke wuta, ko kuma ɗan siririn robar da ke jan tiren ya saki saboda tsufa. Don Allah kada ki sa wuƙa ko cokali ki ɓamɓare. Ki duba gaban tiren da kyau, akwai wani ɗan huji kamar na allura. Ki kashe kwamfutar, ki jira faifan ya daina juyi, ki warware ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu ya miƙe, ki zura a hujin ki tura a hankali. Tiren zai leƙo, sai ki ja shi da hannu. Dama don haka aka yi hujin. Irin waɗanda ba su da tire, masu haɗiye faifai ta tsaga, yawanci ba su da wannan hujin, su sai mai gyara.

In tire yana shiga yana fita lafiya amma ba ya karanta kowane faifai, mafi yawa idon ne ya yi ƙura. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, a gida kuma hayaƙin girki da na turaren wuta suna bin iska su kwanta a kan gilashin. A kwamfutar tafi-da-gidanka idon yana fitowa tare da tire, ana ganinsa, ana iya shafarsa a hankali da tsinken goge kunne mai auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bari ya bushe. A ta tebur yana can ciki, sai an kwance. In kuma kin lura yana karanta CD amma ya ƙi DVD, ko ya karanta DVD ya ƙi CD, to fitilun leza biyu ne a ciki, ɗaya ta mutu. Wannan ba a ɓata kuɗi wajen gyaransa, sauyawa ake yi.

Wani lokacin kuma za ki buɗe This PC ki ga babu ma alamar gidan faifan, kamar ba a taɓa haɗa shi ba. Ki fara da kashe kwamfutar gaba ɗaya ki sake kunnawa, kada ki raina wannan. In bai dawo ba, a Windows 10 da 11 ki danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ki zaɓi Device Manager, ki nemi layin DVD/CD-ROM drives. In kin ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a jikinsa, kwamfuta tana ganinsa amma sun sami saɓani. Akan zaɓi Uninstall device a sake kunna kwamfuta, ita da kanta za ta mayar da shi. In yana nuna lamba 19 ko 39, galibi wata tsohuwar manhajar ɗaukar faifai ce ta bar tarkace, gyaran kuma a can cikin hanjin Windows yake, ba wurin wasa ba ne. In layin ma babu shi sam, to wataƙila waya ce ta saki a ciki.

A nan zan ja miki birki. Kwamfutar ofis amana ce, ba taki ba ce. Kwance ta, ko saka mata manhaja, ko taɓa hanjinta, aikin wanda ofis ya ɗora wa ne. Wasu ofisoshin ma da gangan suke kulle gidan faifai da ramin filash, don tsoron ƙwayar cutar kwamfuta da satar bayanai, ke kina can kina zaton lalacewa ce. Abin da ya rage naki shi ne ki je masa da bayani a hannu: na gwada faifai kaza ya yi, kaza ya ƙi, ga lambar da take nunawa. Za ki ga aikin da zai ci kwana biyu ya ƙare kafin azahar, kuma babu mai sake cewa ba ki iya ba.

Akwai kuma inda komai lafiya lau, faifai ya buɗe, ga fayiloli, amma bidiyo ya ƙi tashi. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kamfanin Microsoft ya daina haɗo manhajar kallon DVD a ciki. Akwai wata ta kyauta mai suna VLC, tana kunna DVD da VCD duka. In faifan kamfani ne da aka sayo a waje, yana iya ƙi saboda an raba duniya shiyya-shiyya: Amurka shiyya ta 1, Ingila da Saudiyya ta 2, Najeriya da Nijar ta 5. Kwamfuta za ta tambaye ki ko a sauya shiyya, amma sau biyar kawai ake yi ta kulle a kan ta ƙarshe, don haka kada ki yi ta dannawa. Faifan biki ba ruwansa da wannan. Nasa ciwon daban ne: wani mai ɗaukar bidiyon yakan manta bai rufe faifan ba bayan ya gama ɗauka, sai ya zama ba ya yi sai a na'urar da ta ɗauke shi, a wani wurin ya nuna kamar babu komai a ciki. In kwamfuta ta ce miki faifan fanko ne, tana neman ki yarda a shirya shi ko a goge, ki ce a'a. Masu gyara suna da manhajoji irin su IsoBuster da ke iya tsamo abin da ke ciki.

To in Allah ya taimake ki ya buɗe, kada ki tsaya kallo ko murna, ki kwafe a take, domin tsohon faifai yana iya buɗewa yau gobe ya ƙi. In takardu ne, ki kwashe su gaba ɗaya zuwa rumbun kwamfuta. In kwafin ya tsaya a hanya, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tsallake wanda ya ƙi, ki fara tsirar da masu yi. In DVD ne, jakar da ake kira VIDEO_TS za ki ɗauke dukanta. In VCD ne, bidiyon yana cikin jakar MPEGAV. Faifan sauti irin na minti 80, kamar na ƙira'a, shi ba a jan sa haka, abin da za ki samu sunaye ne kawai babu murya. Sai an bi ta Rip CD a cikin Windows Media Player. Kuma ki ajiye a wuri biyu, domin filash ma yana mutuwa, yana kuma ɓata a jaka.

Game da faifan bikinki kuwa, 'yar'uwa, shawarata kada ki kai shi ofis. Ba don na'urar za ta cinye shi ba, karatu ba ya goge faifai. Ki tuna abin da ke ciki. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai yinin biki, mata sun sha ado sun ajiye mayafi domin sun san su kaɗai ne. Ba sirrinki ne ke kaɗai ba, har da na ƙawayenki da yayyenki da matan mutane, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da aka kwafa a kwamfutar ofis yana nan zaune, gobe wani ne zai zauna a kujerar, jibi mai gyara ne zai buɗe. A zamanin da bidiyo ke zagaye gari ta waya kafin a yi sallar la'asar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka in shago za ki kai, ki je tare da maigida ko ɗan'uwanki, a yi a gabanku, a zuba a filash ɗinku, a goge na kwamfutarsa har da wanda ya faɗa kwandon shara, sannan ku taso. Kada ki bar faifan a ce ki dawo gobe.

Abin da ya fi sauƙi shi ne gidan faifai na waje, wanda ake jonawa ta USB. Bai fi girman ɗan littafi ba, ba ya buƙatar a kwance komai, ana samunsa wurin masu sayar da kayan kwamfuta. Ki jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta, domin yana son wuta sosai, wasu ma bakin waya biyu gare su. Kuna iya haɗa kuɗi ke da 'yan'uwanki ku sayi guda ɗaya ya zagaya dangi, kowa ta kwashe nata a ɗakinta. Yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da gidan faifai, tun 2008 kamfanin Apple ya fito da MacBook Air babu shi, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ranar da za a sauya muku kwamfutar ofis, da wuya sabuwar ta zo da wurin saka CD. Ki gaya wa shugabanku haka, ki nemi a ba ki mako guda a hutun nan ki kwashe duk faifan da ke cikin loka, ba na 2009 kaɗai ba. Su kansu faifan kada a zubar. A sa kowane a gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da damshin bango.

Ki rubuto mana yadda kuka ƙare da yarinyar nan, ina so in ji. Allah ya jiƙan Mama, ya sa kin sake jin muryarta. Maganar yara da waya sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.